Ruwan Famfo da 'Yar Wutar Lantarki: Sauƙi ga Masu Gumin Tafin Hannu

A ƙasar da gaisuwa ba ta cika sai an yi musabaha, mai jiƙaƙƙen tafi yana cikin wani hali da ba kowa ke lura da shi ba. Kafin ya miƙa hannu sai ya goge shi a gefen riga, kafin hannun ya kai ga na abokin gaisuwa ya sake jiƙewa. Ɗaliba na rubutu a ɗakin jarrabawa, biro na sulɓewa, takarda na yin laushi, har sai ta shimfiɗa hankici a ƙarƙashin hannunta. Tela yana ɓata farin yadi. Na'urar ɗaukar hoton yatsa a banki ko wurin rajistar katin ɗan ƙasa ta ƙi karɓar yatsan sai an goge an sake gogewa. Kuma ba laifin zafin bazara ba ne, domin ko a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓɓan jama'a ke tsattsagewa, tafin nan ɗiga yake yi.

Likitocin fata na kiran wannan lalura haifahaidurosis, wato gumin da ya zarce abin da jiki ke buƙata don ya huce. Jikin mutum na ɗauke da ƙwayoyin samar da gumi miliyan 2 zuwa 4, kuma tafin hannu da na ƙafa na cikin wuraren da suka fi cunkushewa. Ga mai lalurar, ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau. Jijiyoyin da ke ba su umarni ne suka cika azarɓaɓi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya ƙiyasta masu fama da ita da kashi 2.8 cikin 100 na jama'ar ƙasar, wani na 2016 ya ɗaga adadin zuwa 4.8. Yawanci tun yarinta ko farkon balaga take farawa, tana kama hannu biyu lokaci guda, tana bin dangi, kuma da mutum ya yi barci sai ta tsaya.

Wannan alama ta ƙarshe tana da muhimmanci. Wanda gumi ya fara addabarsa da girmansa, ko yake jiƙa shimfiɗa cikin dare, ko abin ya zo da rama, zazzaɓi ko tari, asibiti ya kamata ya nufa. Tarin fuka, ciwon suga, matsalar ƙwayar tayirod da ke wuya, da wasu magunguna irin su tiramadol duk suna sa gumi, kuma maganin kowannensu daban ne.

Idan likita ya tabbatar gumin tafi ne zalla, akwai wata hanya da ta daɗe a hannun likitoci mai suna ayontoforesis. A farkon ƙarni na 20 wani likita Bafaranshe, Stéphane Leduc, ya nuna da zomaye cewa wutar lantarki na iya tura magani ya ratsa fata. A 1952 wasu masu bincike, Bouman da Lentzer, suka ba da rahoton cewa a kan gumin tafi ba a ma buƙatar magani, ruwan famfo kaɗai ya wadatar. A 1968 kuma likitan fata Fred Levit ya bayyana wata na'ura mai sauƙin haɗawa, abin da ya share hanyar fitar da wannan aiki daga asibiti zuwa gida. Yau kamfanoni irin su Hidrex a Jamus, Dermadry a Kanada da R.A. Fischer a Amurka suna ƙera irinta don amfanin gida.

Kayan aikin ba su da yawa: tire biyu marasa zurfi, kowane da farantin ƙarfe a ciki, an rufe shi da ɗan tawul ko raga don kada fata ta taɓa ƙarfen, sai wayoyi biyu da suka shiga ɗan akwatin da ke sarrafa wutar. Ana zuba ruwa daidai yadda zai rufe tafi, ba tare da ya haura bayan hannu ba. Mutum ya cire zobe, agogo da awarwaro. Duk inda akwai yanka, tsaga ko ɓantarewar fata a gefen farce sai ya shafa basilin, domin ta nan wutar za ta taru ta yi zogi. Sannan ya sa hannu ɗaya a kowane tire, a riƙa ƙara wutar sannu a hankali har ya ji wani tsiko-tsiko da zai iya jurewa, kamar tafiyar kiyashi a tafi. A asibiti akan tsaya tsakanin miliamfiya 15 zuwa 20, masu fata mai taushi kuma ƙasa da haka. Zama ɗaya minti 20 ne zuwa 30. Da yake tiren da ke ɓangaren tabbatacciyar wuta (mai alamar +) ya fi aiki, ana juya wutar a tsakiyar zama don hannu biyu su samu daidai. Kafin a fitar da hannu kuwa sai an sauke wutar zuwa sifili. Wanda ya fizge hannunsa da gaggawa zai ji ta fizge shi, ba mai kisa ba, amma ba zai so ya maimaita ba.

Masana sun kawo bayani fiye da ɗaya kan abin da ke faruwa a cikin fatar. Wasu sun ce bakin hanyoyin gumi ne ke toshewa, wasu sun ce tsamin da wutar ke tarawa a hanyoyin ne ke hana su aiki, wasu kuma sun ce saƙon jijiya ne ke raunana. Abin da aka haɗu a kai shi ne sakamakon: rahotannin asibitoci na nuna cewa wajen mutum 8 cikin 10 na samun sauƙi a fili.

Sai dai sauƙin ba ya zuwa ranar farko, kuma nan ne mutane da yawa ke karaya. Ana yin zama uku ko huɗu a mako, kuma yakan kai zama 6 zuwa 15 kafin tafi ya bushe. Wasu ma gumin kan ɗan ƙaru a farko. Bayan ya bushe sai a koma zama ɗaya a mako ko makamancin haka, domin wannan hanya danne gumin take yi, ba ta tumɓuke shi. Wanda ya ajiye na'urar, cikin 'yan makonni zai ga damshi ya dawo. Duk mai tallar da ya ce warkewa ce ta har abada, kuɗi yake nema.

Ruwan ma ba kowanne ba. Gishirin ƙasa da ke narke a ciki shi ke ɗaukar wutar, saboda haka ruwan sama da ruwan da aka tace ƙwarai ba sa aiki sosai. Ruwan famfo ko na burtsatse ya fi dacewa, idan kuma bai yi ba akan ƙara ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a kowane tire. Illolin da aka saba gani su ne jan fata, bushewa, ƙaiƙayi, wani lokaci 'yan ƙuraje masu ruwa. A rage wutar, a shafa mai bayan an gama.

Akwai waɗanda wannan hanya ba tasu ba ce sam: mai juna biyu, mai farfaɗiya, mai matsalar bugun zuciya ko wanda aka dasa wa na'urar daidaita shi, da wanda aka sa wa ƙarfe a hannu ko kafaɗa, inda wutar za ta bi.

Kuɗin na'urar ya kai ɗaruruwan daloli, kuma wannan ne ke sa wasu haɗa tasu da batir da faranta. Na'urar kamfani tana mayar da wuta ta zama mai tafiya ta fuska ɗaya, tana kuma ƙayyade yawanta. Haɗin gida ba shi da wannan linzami, ƙuna ba ta da wuya. Mafi muni shi ne jona waya kai tsaye da soket. Wutar bango a Najeriya da Nijar bolt 220 ce zuwa 230, kuma idan ta shiga ta jiƙaƙƙen hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta kan zuciya za ta bi. Wannan kisa ne.

Wanda na'urar ta fi ƙarfin aljihunsa zai iya farawa da maganin shafawa mai sinadarin aluminiyam kulorayid na kashi 20, irin su Driclor, wanda ake shafa wa busasshen tafi da dare a wanke da safe. Gaba da haka akwai ƙwayoyin sha irin su okzibutinin, masu busar da baki, sai allurar Botox da ke riƙe gumi wajen wata shida amma ga tsada ga zafi. Tiyatar datse jijiya a cikin ƙirji ita likitoci ke ajiyewa a ƙarshe, domin da yawan waɗanda aka yi wa, tafinsu ya bushe amma gumin ya koma baya, ciki da cinyoyi, kuma jijiyar da aka yanke da wuya ta koma yadda take.