Gwajin Kayan Gyaran Murya A Ɗakunan Waƙa Na Abuja

Duk wanda ya leƙa ɗakunan ɗaukar waƙa da ke Wuse ko Garki a nan Abuja zai tarar na'urorin da a dā suke cika ɗaki guda yanzu sun ƙunshe cikin kwamfuta ɗaya. Mai haɗa sauti yakan buɗe uwar manhaja irin su Cubase ko FL Studio, sa'an nan ya jona mata ƙananan manhajojin da ake kira filogin. Wani yana ƙara amsa-kuwwa, wani yana kawar da hayaniya, wani kuma yana daidaita ƙarfin murya.

Kamfanin Steinberg na ƙasar Jamus shi ne ya fito da tsarin VST a 1996, wanda ya ba kowane kamfani damar ƙera filogin da zai zauna cikin manhajar wani. A 1997 kamfanin Antares na Amurka ya fitar da Auto-Tune, mai jawo muryar mawaƙi zuwa kan mizani. Yau ga shi ya zama ruwan dare a waƙoƙin finafinan Hausa.

To, amma ba a ɗora sabon filogin a kan aikin mutane sai an gwada shi. Da farko a duba ko uwar manhajar ta karɓe shi, domin tun daga Cubase 9 na 2016 kamfanin ya daina karɓar tsofaffin filogin masu bit 32. Sa'an nan a lura ko yana kawo jinkiri tsakanin fitar murya da isowarta kunnen mawaƙi. Bayan haka a riƙa kunna shi ana kashewa, amma sautin ya zama ƙarfinsa ɗaya, saboda kunnen ɗan Adam yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Daga ƙarshe a saurari aikin a wayar hannu da cikin mota, inda akasarin jama'a za su ji shi.

Akwai wani gwaji kuma da ya shafe mu musamman. Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya su ne ke raba wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha. Idan aka matsa wa Auto-Tune lamba, sai ya yanke lanƙwasar murya, kalma ta fita ba yadda Bahaushe ya san ta ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kalangu ne ke bin maganarsa, kowace gaɓa tana fita sarai.

Saboda haka kafin a miƙa wa mawaƙi aikinsa, ya kamata a kira wanda bai taɓa jin waƙar ba ya saurara. In ya iya maimaita baitin daidai, filogin ya ci jarrabawa.