Hurumin kifi: Wa zai zana iyaka, masani ko masunci?

Mutumin Musawa da ya tsoma baki a zancen teku ya cancanci a tambaye shi dalili, domin mu a nan ruwan da muka sani shi ne na damina da na rafi, sai kuma madatsu irin su Zobe da ke kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, da Mairuwa a wajen Funtuwa. Dalilina kuwa wata hira ce da na yi da wani dattijon masunci a kasuwar garinmu. Ya shaida mini cewa karfasar da yake kawowa yanzu ba ta cika tafin hannu, kuma ya san sarai taru mai ƙananan idanu ne ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su tasa ba. Da na ce masa me zai hana a ware wani sashe na ruwan a hana kamun kifi a cikinsa, sai ya dube ni ya ce, "Malam, hanawar ba wuya. Wa zai nuna inda za a hana?"

Keɓe wani yanki na ruwa domin kifi ya hayayyafa ba baƙon abu ba ne gare mu. Muna da kalmar hurumi, wadda muka aro daga Larabci, mai nufin wurin da aka keɓe don amfanin jama'a, aka hana kowa ya mallake shi. A Argungu ma, ana kame hannu daga kogin Matan Fada sai lokacin bikin da aka fara a 1934, kuma Sarkin Ruwa ke kula da shi. Abin da ya rage mana shi ne amsar tambayar dattijon nan, kuma mafi gamsarwar amsa da na ci karo da ita daga jihar Kalifoniya ta Amurka ta fito.

A 1999 majalisar jihar ta yi dokar da ta wajabta tsara hurumai a gaɓar tekunta. Yunƙurin farko ya ci tura a 2001, saboda masana sun zauna su kaɗai sun zana taswira, suka kai wa masunta a matsayin abin da aka kusa gamawa, su kuwa suka yi fatali da ita. Yunƙuri na biyu rashin kuɗi ya durƙusar da shi. Sai a 2004 aka sake lale, aka raba aikin gida-gida. Aka kafa zauren masu ruwa da tsaki, wato masunta da 'yan kasuwa da masu fafutukar kare muhalli, aka ce su ne za su zana iyakoki. Aka kuma kafa kwamitin masana kimiyya, galibinsu malaman jami'a da ma'aikatan cibiyoyin bincike, waɗanda suka yi aikin a matsayin sa-kai, ba albashi. (Na san a Katsina ta yau in an ce ɗan sa-kai, mai bindigar toka ke faɗo wa mutum a rai. Asalin kalmar ya fi haka faɗi, kuma shi nake nufi.) Hukunci na ƙarshe kuwa aka bar wa hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar.

To, me masanan suka riƙa yi tunda an karɓe alƙalamin zane daga hannunsu? Da farko sun taƙaita tarin bincike zuwa 'yan ƙa'idoji da kowa zai iya riƙewa a ka. Suka ce tsawon kowane hurumi a gefen gaɓa kada ya gaza kilomita 5 zuwa 10, in da hali ya kai 10 zuwa 20, domin ya ɗauke zirga-zirgar manyan kifaye. Suka ce tazarar da ke tsakanin hurumi da ɗan'uwansa kada ta wuce kilomita 50 zuwa 100, saboda igiyar ruwa ta iya kai 'ya'yan kifi daga wannan zuwa wancan. Suka ce kuma kowane irin mazauni, na dutse ne ko na yashi ko na ciyawar teku, a same shi a hurumi fiye da ɗaya. Daga nan sai masu ruwa da tsaki su zana nasu, su miƙa, masana su auna shi da waɗannan ƙa'idoji su faɗi inda ya cika da inda ya gaza, a mayar a gyara, a sake kawowa. Zaman kwamitin a bainar jama'a ake yi, kowa na iya zuwa ya saurara, ya kuma yi ƙorafi. A haka aka bi gaɓar shiyya-shiyya har zuwa ƙarshen 2012, lokacin da aka kammala da hurumai 124 da suka rufe kimanin kashi 16 cikin 100 na ruwan jihar.

Ba na cewa tsarin bai da tabo. A shiyyar arewa, ƙabilun asali irin su Yurok, waɗanda suka gaji tsince-tsince a bakin teku tun kaka da kakanni, sun yi zanga-zanga a 2010 saboda ma'aunin masanan bai bambance sana'arsu ta gado da kamun kifin 'yan shaƙatawa ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai a matsayina na ɗalibin harshe. An taɓa ba ni wani rahoto kan kifi in mayar da shi Hausa, na tarar marubutan sun tattara nau'o'i da dama ƙarƙashin suna guda, alhali masuncinmu ya raba tarwaɗa da ragon ruwa da kurungu, ya san wanda ke ƙwai a farkon damina, ya san ramin da gaiwa ke kwanciya in ruwa ya janye. Kwamitin da bai iya jin wannan yare ba, rabin iliminsa ya bari a bakin ruwa. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda ruwa ke zubar masa.

Mu a Arewa ba masana muka rasa ba. Dubi fadamar Haɗeja da Nguru. Tun 1987 aka soma aikin kare ta, kuma a farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka nuna cewa ruwan da ke malalowa fadamar, in aka lissafa noma da su da itace, ya fi amfani a kan wanda ake karkatarwa zuwa noman rani na Kano. Duk da haka an gama madatsar Challawa a 1992 a kan ta Tiga ta 1974, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a 2006 kuma jihohi shida suka kafa asusun kula da kogunan yankin. Shawara dai an bayar da ita tun da wuri. Abin da babu shi ne doka da ta tilasta wa mai hukunci ya saurare ta a gaban jama'a, ya kuma faɗi hujjarsa in zai saɓa mata.

Shi ya sa nake ganin Zobe wuri ne da ya dace a gwada. An gama ta a 1983, kuma ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 a maƙwabtaka da ita, da sashen nazarin kifi. Malamai biyar ko shida, da wakili daga cibiyar binciken kifi ta New Bussa, sun isa kwamiti. Aikinsu shi ne su faɗi girman idon koma, da watannin da kifi ke ƙwai, da faɗin da hurumi ke bukata, cikin Hausar da za a karanta a rediyo. Sarakunan ruwa da masunta da masu noman rani da makiyayan da ke shayarwa su nuna lungun da za a rufe. Ma'aikatar gona ta jiha ta sa hannu, ko ta bayyana dalilin ƙin sa wa.

Akwai cikas biyu da ba zan ɓoye ba. Na farko, malamin jami'ar Nijeriya da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba zai yi sa-kai da man motarsa ba, don haka dole gwamnati ta ɗauki nauyin sufuri, amma kada ta ba da alawus ɗin zama, domin ranar da aka fara shi za a cika kwamitin da 'yan alfarma. Na biyu shi ne tsaro, domin hare-haren 'yan bindiga sun sa ƙauyukan da ke kewaye da ruwan sun yi wuyar shiga ga baƙo. A nan ma masuncin da ke kwana a bakin ruwa shi ne zai riƙe littafin awon kifin, masani ya karɓa a Dutsin-Ma ranar kasuwa.