Jagoranci a ƙananan sana'o'i: Darasi daga Birnin Gwari

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 ne gwamnan jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, bayan da ta shafe shekaru a rufe saboda hare-haren 'yan bindiga.

Matakin ya biyo bayan wani sulhu ne da gwamnatin jihar ta ƙulla da wasu daga cikin 'yan bindigar da ke dazukan yankin.

Sai dai buɗe kasuwa bai isa ya tayar da sana'ar da ta durƙushe ba. Shekarun da aka shafe cikin zaman ɗarɗar sun tilasta wa masu ƙananan sana'o'i fuskantar wata tambaya da ta shafi kowane mai jari: yaya sana'a za ta ci gaba da tafiya a ranar da mai ita ba ya kusa?

Shekarun gwaji

Ƙasar Birnin Gwari da ke yammacin jihar Kaduna ta yi suna wajen noman masara da dawa da kuma kiwo, kuma a cikinta ne gandun dajin Kamuku yake.

A farkon watan Mayun 2018 'yan bindiga suka far wa ƙauyen Gwaska, inda rahotanni suka ce an hallaka aƙalla mutum 45. Hanyar da ta haɗa Birnin Gwari da Kaduna kuwa ta zama ɗaya daga cikin waɗanda matafiya suka fi jin tsoro a arewacin Najeriya.

A shekarar 2021 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta dakatar da kasuwannin mako-mako a yankin, ta hana safarar dabbobi da hawa babura, sannan aka katse layukan wayar salula na kusan wata biyu.

Ga mai sayen hatsi da ke zaune a Kaduna ko Funtuwa, wannan na nufin ba zai iya zuwa ya ga kayansa ba, ba zai kuma iya buga waya ya ba da umarni ba. Abin da ya rage masa shi ne mutanen da ya horar, da kuma tsarin da ya ɗora su a kai tun kafin a shiga halin.

Tsarin madugu

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a tarihin kasuwancin Hausawa. A ƙarni na 19 fatake kan tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, domin sayo goro, tafiyar da kan ɗauki watanni.

Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta ratsa ne ta Zariya da tsohon Birnin Gwari kafin ta tsallaka kogin Kwara ta ƙasar Borgu. Ta wannan gari ne Baturen nan ɗan yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya bi a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano.

Ayari kan ƙunshi ɗaruruwan mutane da jakuna, amma madugu bai taɓa riƙe dukkan ayyuka shi kaɗai ba. Jagaba ne ke gaba yana duba hanya da wurin yada zango, uban dawaki na kula da tattara kuɗin fito da ake biyan sarakunan hanya, malamin ayari kuma na riƙe da alƙalami.

Aikin madugu shi ne yanke shawarar ranar tashi da hanyar da za a bi, sasanta rikici tsakanin fatake, da yin magana da sarakuna a madadin kowa.

Darasin da ke ciki ga mai shago ko mai sito a yau a fili yake. Sana'ar da mai ita ne ke saye, shi ke awo, shi ke karɓar kuɗi, shi ke bin bashi, takan tsaya cik a ranar da ya kwanta jinya ko aka tare hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Raba aiki kuma ya wuce a ce da yaro ya "kula da wuri". Ana bukatar ya san iyakar ikonsa: farashin da ba zai haura ba idan yana saye, wanda ba zai sauka ƙasa da shi ba idan yana sayarwa, wanda zai iya bai wa bashi, da kuma matakin da zai ɗauka idan bai samu ubangidansa a waya ba.

Amana da rubutu

Wasu iyayen gida na ganin ajiye littafin lissafi tamkar nuna rashin yarda ne ga yaransu, musamman idan 'yan uwa ne na jini.

Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi tare da kafa shaidu, kuma muminai ne aka yi wa wannan umarni a tsakaninsu.

Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda Hausawa ke sayar wa mahautan Yarbawa shanu bashi.

Mai gidan da falke ya sauka a wurinsa shi ne ke tsaya wa cinikin. Dillalansa sun san wane mahauci ne ke biya a kan lokaci, akwai kuma masu rubuta kowane ciniki. Idan mahauci ya gaza, mai gida ne ke neman yadda baƙonsa zai samu kuɗinsa, domin sunansa shi ne jarinsa.

Rubutu yana kare yaro kamar yadda yake kare ubangida. Yaron da ya rubuta buhu nawa ya karɓa da nawa ya ɗora a mota yana da abin da zai kare kansa da shi a ranar da lissafi ya ƙi fita.

Wa ke ɗaukar asara?

A yankin da ake tare motoci, babu abin da ya fi raba ubangida da yaronsa kamar batun kayan da suka salwanta a hanya.

Fiƙihun Malikiyya ya yi bayanin wannan a babin ƙirali, wato inda wani ya ba da jari wani kuma ya juya shi. Ana raba riba ne bisa kason da aka amince da shi tun farko, kamar rabi ko sulusi.

Idan aka yi asara ba tare da sakaci ko saɓa sharaɗi ba, mai jari ne ke ɗaukarta, shi kuma mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Idan kuwa ya bi hanyar da aka hana shi bi, to alhakin ya koma kansa.

Muhimmancin wannan ƙa'ida ga shugabanci shi ne, yaron da ya san ba za a ɗora masa laifin da ba nasa ba yakan kawo labarin asara da wuri. Wanda kuwa ya san duka ko kora ke jiransa, ɓoyewa zai yi har ɓarnar ta yi girma.

Kazalika, 'yan kasuwa kan rage haɗari ta hanyar haɗa kai da juna. Mutum huɗu da suka rarraba kayansu a motoci huɗu, kowanne zai yi asarar rubu'i ne kawai idan aka tare mota ɗaya, maimakon mutum guda ya wayi gari babu komai.

Auna ƙwazo

Yawan ciniki kaɗai ba ya nuna ƙwazon ma'aikaci. A misali, yaron da ya sayar da buhu 100 amma 40 daga ciki bashi ne da babu ranar biya, bai kai wanda ya sayar da buhu 70 kuɗi hannu amfani ba.

Abubuwan da ya kamata ubangida ya riƙa dubawa a ƙarshen kowace kasuwa sun haɗa da kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, bashin da aka bayar da wanda aka karɓo, abin da ya lalace a sito saboda danshi ko ƙwari, da kuma ko masu saye na dawowa.

Cikar mudu ma na cikin ma'aunin. Mai awon da ke tauye manomi zai iya kawo ribar rana guda, amma manomin zai kai hatsinsa wani wuri a kasuwa mai zuwa.

Idan an ga kuskure, gyara a keɓe ya fi tozarci a bainar jama'a tasiri. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Haka nan biyan 'yan dako da direbobi haƙƙinsu a kan lokaci, wanda Musulunci ya kwaɗaitar a kai, shi ke sa su amsa kira a ranar da hanya ta yi wuya.

Sallamar yaro

Al'adar kasuwancin Hausa ta tanadi cewa yaron da ya yi wa ubangidansa hidima na shekaru, a ƙarshe za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa.

Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro kafin ya shahara a cinikin gyaɗa, ya gina kasuwancinsa ne a kan wakilai da yake bai wa kuɗi su shiga ƙauyuka su yi masa saye. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Yaron da ke hangen ranar sallamarsa yakan ɗauki sana'ar tamkar tasa. Wanda bai ga ƙarshen hidimarsa ba kuwa, yakan fara neman nasa rabon ta bayan fage.

Alƙaluman hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta Najeriya, SMEDAN, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna cewa yawan irin waɗannan sana'o'i ya ragu daga sama da miliyan 41 a 2017 zuwa ƙasa da miliyan 40 a 2020.

Samar da tsaro a kan hanya da bai wa masu sana'a rance nauyi ne da ya rataya a wuyan hukumomi da bankuna. Amma raba aiki, rubuta lissafi, fayyace mai ɗaukar asara da cika alƙawarin sallama, duka suna hannun mai sana'a ne, ko a Gwaska yake ko a Kantin Kwari.