Ko Kun Sani? Ƙwayar Da Ke Nunar Da Daddawa Tana Tsaron Gona

Ƙwayar bakteriyar da ke ruɓar da kalwa har ta zama daddawa, wadda masana ke kira Bacillus subtilis, a cikin ƙasa take rayuwa, kuma danginta ne manoma a ƙasashe da dama ke fesawa don kare amfanin gona daga fumfuna.

A shekarar 1995 masu binciken kamfanin AgraQuest suka tsinci wani irinta a ƙasar wani lambun 'ya'yan itatuwa a jihar Kalifoniya ta Amurka. Daga gare shi aka haɗa maganin feshi mai suna Serenade, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa rajista a 2000.

Aikin ƙwayar abin sha'awa ne. Tana mamaye ganye da saiwa, ta riga fumfuna cin abinci da samun wurin zama, sannan ta fitar da sinadaran da ke huda fatar fumfunar har ta mutu. In fari ko zafi ya tsananta, sai ta ƙudundune cikin ƙwanso mai tauri, ta jira danshi.

Sai dai rigakafi ta fi iyawa. In cuta ta riga ta cinye tumatir, da wuya ta ceto shi.