Kada a Goge Sulallan Kaka da Toka

Gidaje da dama a Boɗinga da Shagari ba su rasa ɗan ƙullin tsoffin kuɗi a gindin adaka: anini da kwabo masu huji, taro, sisi, sule, fataka, wani lokaci har da liyari irin wanda matan Fulani ke jerawa a kitso. Wasu an daina karɓarsu bayan Nijeriya ta buga nata kuɗin a 1959, sauran kuma naira ta kore su a 1973. Ran da aka kwance ƙullin, sai a tarar wannan ya yi baƙi, wancan ya yi kore, nan take a aiki yaro ya kawo toka da lemun tsami. To, a dakata.

Launin nan ba datti ba ne. Fuskar ƙarfen ce ta sauya, kuma galibi abin da aka adana kuɗin a ciki ne ya jawo. Sule da fatakan da Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta fara bugawa a 1913 na azurfa ne, kafin a koma gaurayen tagulla a 1920. Ita azurfa babu abin da ke cin ta kamar farar wuta. Ba sai an ga farar wutar da ido ba. Tururinta na fita a hankali daga robar ɗaure kuɗi, tsohuwar jarida, kwali da tsumman ulu. Har albasa tana fitar da shi, don haka ɗakin da aka jibge buhunan albasa ba wurin ajiyar azurfa ba ne. Da farko kuɗin kan yi rawaya, sai shuɗi-shuɗi, daga baya ya rine baƙi ƙirin.

Kwabo da 'yan'uwansa masu jan ƙarfe a jiki, cutarsu ta fi tsanani. Jakar fata, ko da ta jar akuyar Sakkwato ce da ake alfahari da ita, tana riƙe da tsamin jima da mai, kuma su ke haifar da koren nan mai maiƙo. Roba mai laushi ta PVC, irin ta rigar katin shaida, ta ma fi muni: zafin bazara yana sa ta yi gumi mai danƙo wanda ke ƙwarzane ƙarfe. Idan damina ta kawo laima, ga gishirin zufar hannu, sai koren ya koma gari yana rarake kuɗin. Wannan kam ɓarna ce, ba ta gyaruwa.

Amma duhun da ya kwanta sumul a kan azurfa, masu tara tsoffin kuɗi ba sa ƙin sa, wasunsu ma nema suke. Abin da suke gudu shi ne kuɗin da aka dirje. Toka, yashi da tsamiya suna kankare rubutu da zane, su bar ƙyalli na ƙarya da mai ido zai gane nan take. Garin neman gira sai a rasa ido.

Rigakafin ba ya cin kuɗi. A raba kowane da ɗan'uwansa, kada azurfa ta gogi tagulla. A naɗe shi da farin ƙyallen auduga wankakke, busasshe, a sa a kwalba mai murfi tare da ɗan ƙunshin nan mai shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. A nisanta shi da hayaƙin murhu da turaren wuta, kada kuma a binne shi a tukunya. In za a ɗauka, a riƙe ta gefe. Wanda ya fara koren gari a ware shi daban.

Sai a yi hattara da masu zuwa da daɗin baki suna cewa liyari mai shekarar 1780 zai sayi gida. Shekarar da sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya ta rasu ce, kuma an ci gaba da buga kuɗin da wannan lamba, miliyoyi, har zamaninmu. Darajarsa galibi ta azurfar jikinsa ce, wajen kashi 83 cikin 100, kuma maƙerin fari zai iya auna maka ita kana tsaye.