Yaron da Ke Tsoron Sabon Aji

Idan an koma makaranta, wani yaro kan tashi da ciwon ciki kowace safiya, amma ran Juma'a garau yake. Wani ya koma fitsarin kwance. Ba ƙarya yake yi ba, tsoron sabon aji ne.

A ƙauyukanmu na Sinja da Mai Wurno, Hausa ake yi a gida, karatu kuwa da Larabci. Sabon malami ya yi tambaya, yaro ya san amsa, amma baki ya ƙi buɗuwa.

Kada ku doke shi. Da dare ku tambaye shi a hankali abin da ke damunsa. Yayansa ya riƙa raka shi. Kada a bar shi gida, tsoron ƙaruwa zai yi.

In akwai zazzaɓi ko amai, ku kawo shi asibiti a gwada jininsa.