KAMUN KIFI DA ƘWARON ƘARYA A KOGUNAN DUTSE NA KENYA

A arewa da Nairobi akwai jerin duwatsun da ake kira Abadiya, inda sanyi kan hana mutum wanka da hantsi ko da yake wurin na dab da tsakiyar duniya. Daga nan koguna irin su Gura da Matiyoya da Caniya suke gangarowa, kuma a cikinsu ake samun wani kifi mai ɗige-ɗige wai shi tirawut, wanda baƙi kan biya kuɗin jirgi da na masauki don su zo su kama shi, sa'an nan su sake shi.

Kifin nan baƙo ne a Kenya. A shekarar 1905 ne aka kawo ƙwansa daga Birtaniya aka zuba a kogin Gura, bisa ɗawainiyar wani Bature, Ewart Grogan. Iri biyu ne suka zauna: mai ruwan ƙasa-ƙasa, ɗan asalin Turai, da mai zanen bakan gizo, na yammacin Amurka ta Arewa. A 1919 aka kafa kulob na masu wannan irin fatsa, a zamanin da abin yake nishaɗin Turawan mulki, ɗan ƙasa kuwa sai ɗaukar kaya. Yau 'yan ƙauyukan gindin dutsen ne jagororin baƙi, kuma da su harkar take tafiya.

Masuncin ƙasar Hausa tana yake sa wa ƙugiya. A nan kuwa ba a sa komai mai rai. Gashin tsuntsu da zare da ɗan gashin dabba ake naɗawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da kifin ya saba ci. To, da yake ƙwaron ƙarya ba shi da nauyin da za a jefa shi, sai aka mai da nauyin cikin igiya. Mai fatsa zai riƙa kaɗa sanda mai tsawon kamar ƙafa tara, gaba da baya, igiyar tana warwaruwa a iska, har ya sauke ƙwaron bisa ruwa a hankali. Baƙon da bai saba ba, rabin yininsa na farko a reshen itace yake ƙarewa, yana kwance igiya.

A nan ne aikin jagora yake. Kafin a yi jifa ko ɗaya, zai shiga ruwa ya birkita duwatsu ya duba irin tsutsar da ke manne a ƙarƙashi, domin ya san wane ƙwaro zai ɗaura. Ya san cewa kifin kullum yana fuskantar inda ruwa yake fitowa, saboda haka daga baya za a lallaɓo shi, a jefa ƙwaron sama da shi, ruwa ya kawo masa. In igiya ta ja ƙwaron ya yi gudun da ya saɓa wa na ruwa, shi ke nan, kifin ya gane. Inuwar mutum ma in ta faɗa kan ruwa ta isa ta kore shi. Har wa yau jagora ne mai kunnen daji, gama a cikin gandun Abadiya, wanda aka keɓe tun 1950, ɓauna da giwa suna shan ruwa a kogunan nan. In an kama kifi, sai a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, a zare ƙugiya a mai da shi.

Bayan jagoranci, akwai sana'ar ɗaurin ƙwaron kanta. Kenya tana cikin manyan ƙasashen da ke sayar wa Turai da Amurka da shi, kuma da hannu ake yin kowane ɗaya.

Sai dai abincin mutanen nan duka ya rataya ne ga sanyin ruwa. Tirawut ba ya jimre ruwan da ɗuminsa ya wuce digiri 20 da yawa, kuma cikin tsakuwa mai tsabta yake zuba ƙwai. In aka sare itatuwan bakin kogi, rana ta ɗumama ruwan. In aka yi noma har gaɓa, laka ta rufe tsakuwar, ƙwai ya mutu. Ga kuma masu zuba taru a ɓoye, waɗanda ba su da lasin. Da wuya a ɗora wa manomi laifin duka, tun da shi ma ciyar da iyali yake nema, amma ɓarnar ba ta tsaya ga kifi ba. Waɗannan koguna ne ke ciyar da Tana, kogi mafi tsawo a Kenya, kuma yawancin ruwan famfon Nairobi daga duwatsun nan yake zuwa.

An fara kewaye dajin Abadiya da wayar lantarki a 1989, aka gama a 2009, tsawonta kusan kilomita 400. Wayar ta tsare abin da ke cikinta. Daga ƙasa da ita, inda kogi ya ratsa gonakin shayi da na abinci, tsaron ruwa yana hannun masu gonakin ne da jagororin da suka fito daga cikinsu.